Garin da Ya Ƙera wa Duniya Alƙalami, Sannan Ya Manta

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa su dai sun fi gane karatu.

Yau Ingila za mu je, garin Birmingham. Na san da yawanku da an ambaci garin nan, Aston Villa ce za ta faɗo muku a rai. To ku ajiye ƙwallo tukuna. Wata tsohuwar unguwa za mu shiga ta maƙeran zinariya da azurfa, wadda ake kira Jewellery Quarter, mu bi titin Frederick Street, mu tsaya gaban wani dogon gini na jan bulo mai ado. A ƙasan ginin akwai wasu 'yan ɗakuna, kuma su ne gidan tarihin da ake kira Pen Museum, wato gidan tarihin alƙalami. Masu aikin sa-kai ne ke riƙe da shi. Su suke buɗe ƙofa, su suke zagayawa da baƙi, su suke goge injina, ba tare da jiran albashi a ƙarshen wata ba.

Na san wani zai ce, alƙalami kuma? Har sai an yi masa gidan tarihi? Ka yi haƙuri ka biyo ni, a ƙarshe sai ka yanke hukunci da kanka.

Bari mu fara daga abin da muka sani. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san alƙalamin kara. Ana samun siririn kara ko gamba, a fiƙe bakinsa da reza, sannan a ɗan tsaga bakin a tsakiya. In ka manta ba ka tsaga ba, ka tsoma a tawada ka ga ikon Allah: ko dai ta ƙi sauka, ko ta zubo gaba ɗaya ta ɓata maka allo. Wannan 'yar tsagar ita ce ke riƙe tawada tana sakinta kaɗan-kaɗan. Ku riƙe maganar tsagar nan da kyau, don duk labarin yau a kanta ya rataya.

Su Turawa, ɗaruruwan shekaru da gashin tsuntsu suke rubutu, musamman dogon gashin fiffiken dinya. Su ma fiƙewa suke yi da 'yar wuƙa, su tsaga. Matsalar gashi ita ce ba ya jimiri. Ka rubuta 'yan shafuka, bakin ya yi laushi ya dakushe, sai ka sake fiƙewa. Kuma fiƙewar kanta sana'a ce, ba kowa ya iya ba. Ka ɗauka kai malami ne da yara hamsin a aji, kowanne sai ka gyara masa alƙalami kafin ya rubuta layi biyar. Yaushe za ka koyar? Shi ya sa a makarantun talakawa da yawa a Ingila ta wancan lokaci, an fi koya wa yaro karatu, rubutu kuwa sai wanda ya samu hali. Mutane da yawa suna iya karanta takarda, amma in aka zo sa hannu a takardar aure sai su yi alamar gicciye kawai.

An daɗe ana gwada yin bakin alƙalami da ƙarfe, amma da hannu ake yinsa ɗaya bayan ɗaya, ga tsada, ga tauri kamar ƙusa, yana yaga takarda. Abin da ya canja komai ya faru ne a Birmingham a shekarun 1820. Garin dama garin ƙananan ƙere-ƙere ne: maɓallai, ƙugiyoyin bel, zobba, sarƙoƙi. Suna da wani injin hannu da ake murɗa mariƙinsa, ya sauko da ƙarfi ya datse faifan ƙarfe daidai siffar da ake so. Da shi suke yin maɓallan riga. Sai wasu suka ce, abin da ya yanka maɓalli ai zai yanka bakin alƙalami. Wanda aka fi danganta wa fara wannan shi ne John Mitchell, wajen 1822, ɗan'uwansa William Mitchell ya biyo baya.

Su Mitchell suna da 'yar'uwa mai suna Maria. Wani saurayi, Joseph Gillott, wanda ya baro garin Sheffield saboda rashin aiki ya zo Birmingham neman abinci, shi ya aure ta. Ta nan ya shiga sana'ar surukansa, ya kuma wuce su. Akwai labarin da ake yawan bayarwa a kansa, cewa da safiyar ranar ɗaurin aurensa sai da ya zauna ya ƙera bakin alƙalami dozin goma sha biyu, wato guda 144, ya sayar fam 7 da sule 4, sannan ya tafi wajen biki. Ango ke nan fa! Ku 'yan zamanin naira bari in warware muku lissafin: fam ɗaya sule 20 ne, don haka fam 7 da sule 4 ya zama sule 144 cif. Kowane baki ɗaya sule guda ke nan, a lokacin da leburan gona da ƙyar yake haɗa sule goma a mako.

Gillott ya gano cewa in aka ƙara wasu ƙananan tsagogi a gefe da gefe, aka kuma goge bakin a dutsen washi, ƙarfen zai riƙa lanƙwasa kamar gashi. Ka danna, layi ya yi kauri. Ka sassauta, ya yi siriri. Wajen 1840 ya gina babbar masana'antarsa, Victoria Works, a Graham Street, 'yan taku kaɗan daga inda gidan tarihin yake yanzu. Ya zama mai ƙera wa Sarauniya Victoria alƙalami. Ya yi kuɗi har ya rasa inda zai kai su, ya koma sayen zane-zanen manyan masu zane irin su Turner. Da ya rasu a 1872 aka yi gwanjon abin da ya tara, aka samu sama da fam 160,000.

Amma ni a cikinsu wanda labarinsa ya fi kama ni shi ne Josiah Mason. An haife shi a Kidderminster a 1795, ɗan masaƙin darduma. Tun yana yaro talla yake yi a titi, yana sayar da burodi da kek gida-gida. Bai yi wata makarantar kirki ba, shi ya koya wa kansa rubutu. Ya gwada aikin takalmi, ya gwada kafinta, ya gwada saƙa, kafin ya iso Birmingham ya samu shiga wajen wani mai ƙera zoben da ake saƙala makullai. Eh, wannan zoben da ke riƙe da makullin babur ɗinka. Wata rana wajen 1828 ya ga bakin alƙalami na wani ɗan kasuwar Landan mai suna James Perry a wani kanti, ya saya, ya kai gida ya dudduba, ya ce zan iya yin wanda ya fi wannan. Ya yi, ya aika wa Perry. Perry bai tsaya wasa ba, ya taso takanas ya zo Birmingham. Daga nan Mason ya shiga ƙerawa, Perry yana buga sunansa a kai yana sayarwa. Shekara da shekaru mutane suna rubutu da alƙalamin Mason ba su taɓa jin sunansa ba, alhali ya zama wanda ya fi kowa ƙera shi a ƙasar.

Bai haihu ba. Dukiyarsa ya zuba a gidan marayu da ya gina a Erdington, da kuma kwalejin kimiyya, Mason Science College, da aka buɗe a 1880. Wannan kwalejin ce ta zama Jami'ar Birmingham a 1900. In kana da yaya ko ƙanwa da suka je digiri na biyu a can, ka gaya musu tushen makarantarsu yaron da ya yi tallar burodi ne.

To me ya faru da farashi? Ya faɗi warwas. Dozin goma sha biyun nan da Gillott ya sayar sule 144, kafin ƙarnin ya ƙare ana samun masu araha a kan 'yan kwabbai, sule ɗaya ma bai cika ba. Abin da guda ɗaya ke ci a da, yanzu ya sayi kwali guda har da canji. Da Ingila ta yi dokar ilimin firamare a 1870, ta kuma tilasta zuwa makaranta a 1880, kayan aikin yana nan a shirye: kowane benci da ramin kwalbar tawada, kowane yaro da sanda mai bakin ƙarfe. Kuma kasuwa ce da ba ta ƙarewa, don tawadar wancan zamani tana cin ƙarfe. Ka yi kwanaki da shi ya yi tsatsa, ka cire ka jefar, ka sa sabo.

A ganiyar abin, kamfanoni wajen ɗari ne ke wannan sana'a a Birmingham, da ma'aikata kimanin 8,000. Suna aika kaya Turai, Amurka, Indiya, duk inda jirgin ruwan Ingila ke zuwa. Akwai wata magana da za ka ji a gidan tarihin, ka kuma gani a kusan duk rubutun da aka yi a kansa: wai kashi 75 cikin ɗari na duk abin da aka rubuta a duniya a ƙarni na 19, da alƙalamin Birmingham aka rubuta. Ni dai wannan adadi ina ɗaukarsa a matsayin kirari. Wa ya bi duniya ya ƙirga? Mutanen Sin da Japan da burushi suke rubutu a lokacin. Malaman Sakkwato da Kano da Kukawa da kara suka rubuta littattafansu da wasiƙunsu. Abin da babu gardama a kai shi ne, in dai bakin alƙalami na ƙarfe ake magana, babu garin da ya kama ƙafar Birmingham a duniya.

Yanzu mu zo ga waɗanda ni a ganina saboda su ne gidan tarihin nan ya cancanci wanzuwa. Cikin ma'aikata 8,000 ɗin nan, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne da 'yan mata.

Bakin alƙalami ɗan mitsitsin abu ne, amma sai ya bi hannaye da yawa kafin ya fito. Ana kawo faifan ƙarfe daga Sheffield, a murje shi har ya yi siriri. Wata ta datse siffar. Wata ta huda ɗan ramin da ke tsakiya. A kai wuta a tausasa shi. Wata ta buga sunan kamfani. Wata ta lanƙwasa shi ya yi kwarmi, don ya zauna a kan sanda ya kuma riƙe tawada. A sake kai shi wuta, a tsoma a mai ya yi tauri, a sake gasa shi sama-sama don kada ya yi taurin da zai karye. A zuba a ganga a yi ta juyawa har ya yi sumul. Wata ta wasa bakin. Sai kusan a ƙarshe a zo ga tsagar nan tamu ta makarantar allo, kuma ita ce aikin da ya fi buƙatar ido, don in ta kauce ko da kaurin gashi ne, duk wahalar baya ta tashi a banza.

Maza su ne a wajen wuta da murza ƙarfe da ƙera kan injin, kuma su ke ɗaukar albashi mai tsoka. Mata su ne a kan injin hannu, jere-jere a dogayen bencina kusa da taga. Abin da ake so kowace ta fitar a rana shi ne wajen guda 18,000. Tsaya mu yi lissafi tare. In awa goma take aiki, 1,800 ke nan a awa, 30 a minti, ɗaya a duk daƙiƙa biyu. Hannu ɗaya yana tura ɗan ƙarfen ƙarƙashin injin, ɗayan yana fizgo mariƙi. Daga safe har yamma, kwana shida a mako. In hankalinki ya tafi gida wajen yaron da kika bari ba lafiya, na daƙiƙa ɗaya tak, kan yatsanki ne a ƙarƙashin ƙarfe. Ga tara: kin makara a yanke, kin ɓata ƙarfe a yanke, a wasu wuraren ko hira aka kama ki kina yi a yanke. Biyan kuma gwargwadon abin da kika fitar ne.

Su Gillott da Mason suna da hotuna da gumaka da tituna masu sunansu. Matan nan kuwa, waɗanda yatsunsu suka sa rubutu ya yi arahar da ɗan talaka zai iya, da yawa daga cikin na farko-farkonsu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Sai kuma wanda ya zo ya kashe kasuwar, kuma kun san sunansa ko da ba ku san kun sani ba. Wani ɗan jarida ne a ƙasar Hungary, László Bíró. Ya lura tawadar da ake buga jarida da ita tana bushewa nan take, ba ta damewa, sai dai ta yi kaurin da ba za ta bi tsagar alƙalami ba. Shi da ɗan'uwansa György, masanin haɗa sinadarai, suka yi watsi da tsagar gaba ɗaya, suka sa ɗan ƙanƙanin ƙwallon ƙarfe a baki, yana juyawa yana ɗebo tawada daga ciki yana shafawa a takarda. Ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Bayahude ne, guguwar 'yan Nazi ta sa ya bar ƙasarsa, ya ƙare a Ajantina, ya sake rajista a can a 1943. Sunansa ne muke kira kullum in mun ce "ara min biro".

Da farko biro kayan masu kuɗi ne. Da aka fara sayar da irinsa a wani babban kanti a New York a watan Oktoba 1945, dala 12 da rabi ne guda ɗaya. Sai wani ɗan kasuwa a Faransa, Marcel Bich, ya yi wa biro abin da su Gillott suka yi wa bakin ƙarfe: ya ƙera shi da yawa, da araha, a yi amfani a jefar. Ya fito da Bic Cristal a 1950, wannan mai jiki garai-garai da kake ganin tawadar a ciki. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke cewa "bik", daga nan suka samo. Makarantu sun ɗan yi turjiya, malamai suna cewa biro yana ɓata hannun yaro, a Faransa ma sai 1965 aka yarda ɗalibai su yi amfani da shi a aji. Amma wa zai ci gaba da yawo da kwalbar tawada tana zuba a aljihu?

Kamfanonin Birmingham suka shiga rufewa, wasu suka haɗe. Wani kamfani mai suna British Pens, wanda dama haɗakar William Mitchell ce da wani kamfanin tun 1920, shi ya yi ta tattara sunayen da suka rage: na Perry da na John Mitchell a 1961, na Gillott a 1969. Wasu suka koma ƙera wasu ƙananan kayan ƙarfe. Aka rushe masana'antu, aka sayar da injina a matsayin gwangwan. Hatta gidan marayun Mason da ainihin ginin kwalejinsa duk an rushe su a 1964. Cikin shekara talatin, sai ga yara sun taso a garin ba su san kakanninsu mata sun yi wannan aiki ba.

Kuma haka abin yake faruwa. Takobin sarki ba ya ɓata, don kowa ya san abu ne mai daraja, za a samu mai adanawa. Abin da ke kowane gida, wanda ake saya da kwabo a jefar, shi ne ake wayar gari babu ko ɗaya. Ku tambayi kanku: a gidanku akwai wanda ya ajiye alƙalamin kakanku da kurtun tawadarsa? Ko fitilar a-ci-bal-bal? Ko ma kaset ɗin da aka yi ta saurara shekara ashirin da suka wuce?

A 1996 wasu 'yan tsirarun mutanen garin, cikinsu akwai wani mai sha'awar tarihin garin da ake kira Brian Jones, suka kafa ƙungiya mai suna Birmingham Pen Trade Heritage Association. Ba gwamnati ce ta sa su ba, ba kamfani ba. Masu tara tsofaffin kaya ne da masu kishin garinsu. Suka shiga tattara kwalaye, da injina, da takardun talla, suna neman tsofaffin ma'aikatan da suka rage da rai suna jin labari daga bakinsu. A watan Afrilu 2001 suka buɗe gidan tarihin.

Wurin da suka samu ma ya dace. Ginin, wanda yanzu ake kira Argent Centre, an gina shi ne a 1863 a matsayin masana'antar alƙalami ta wani mai suna W. E. Wiley. Wannan Wiley akwai dabarar neman kuɗi: tururin da injinansa ke fitarwa bai bar shi ya tafi a banza ba, ya ja shi zuwa wani sashe na ginin ya buɗe gidan wankan tururi irin na Turkawa, mutane suna biya suna shiga.

Yau akwai kaya sama da 5,000 a gidan. Akwai bakin alƙalami mai siffar hannu yana nuni da yatsa, akwai mai siffar hasumiyar Eiffel ta Faris, akwai mai baki biyar da ke ja wa masu rubuta kiɗa layi biyar a lokaci guda, akwai waɗanda aka karkace bakinsu don rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu irin na Larabci. Akwai kwalaben tawada, da tsofaffin tafireta, da kwalaye masu zane kala-kala da harsuna daban-daban, gwargwadon ƙasar da za a kai su. Akwai tebur da za ka zauna ka gwada rubutu da gashin tsuntsu da kara da bakin ƙarfe, ka ɓata yatsunka da tawada.

Amma abin da ya fi jan mutane shi ne tsofaffin injinan hannun nan, don har yanzu suna aiki. Ɗan sa-kai zai miƙa maka ɗan faifan ƙarfe, ya nuna maka inda za ka sa, ka fizgo mariƙi da kanka. Ka datse, ka matsa gaba ka huda, ka buga suna, ka lanƙwasa, ka tsaga. Baƙo yakan ɗauki 'yan mintuna kafin ya gama guda ɗaya, yana dariya, ana ɗaukarsa hoto. Sai a gaya masa cewa wadda ta zauna a kan injin nan kafin shi, sau 18,000 take fizgo wannan mariƙin kafin ta tashi. Sannan a ba shi abinsa ya tafi da shi gida.

Har yanzu fa ana ƙera bakin alƙalami mai sunan Gillott da Mitchell a Ingila, kaɗan-kaɗan, don masu rubutun ado da masu zanen barkwanci. Wanda ake kira Gillott 303 yana nan a kasuwa, kuma masu zane suna nemansa.

Wasu za su ce ina labarin fensir? Shi ma yana da nasa gidan tarihin, a garin Keswick da ke arewacin Ingila, kusa da kwarin Borrowdale inda aka gano wani baƙin dutse a ƙarni na 16, makiyaya suka riƙa yi wa tumakinsu alama da shi. Dutsen nan ya yi tsadar da sai da aka sa masu gadi da bindiga a bakin raminsa. Wannan sai a shiri na gaba. Kafin nan, duk wanda a gidansu akwai tsohon alƙalami, na kara ne ko na ƙarfe, ya ɗauko hotonsa ya ajiye mana a ƙasa, ya gaya mana na waye. Mu kwana nan.